Tambarina a Kan Laimar Auta

Ni na koya wa Auta zane. Ina so a fara da wannan, don yanzu a ofis kowa ya manta, ko kuma yana yi kamar ya manta. Ni na nuna mata yadda ake riƙe alƙalamin zane, ni na ba ta tsohuwar kwamfutata da duk fayilolin da ke ciki, ni kuma na tsaya a ƙofar Manaja na ce masa ƙanwata ta gama makaranta tana zaune a gida, a gwada ta ko na wata uku ne. Ya ce in kawo ta. Da na san abin da nake jawo wa kaina, da na bar ta ta ci gaba da taya Mama kallon talabijin.

Aikinmu wasan kwamfuta ne, irin wanda mutane da yawa ke shiga a lokaci ɗaya, su haɗu ƙungiya ƙungiya. Mu tara ne a hawa na biyu, a saman wani shagon gyaran firji, da fanka biyu, ɗaya tana ba da iska ɗaya tana ba da ƙara. A cikin wasan akwai wani gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa, 'yan wasa suna ratsa shi suna faɗa da dodanni, ruwan kuma yana cin ƙarfinsu a hankali. Shekara huɗu ina zana musu takubba da gatura da garkuwoyi. Shi ya sa ake ce min Maƙeri, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana min daɗi.

A bara Manaja ya zo da sabon tsari. Ya ce daga yanzu duk kayan da ɗan wasa ya samu zai zama nasa na gaske, za a rubuta shi a bulokcen. Mu dai a ofis kundi muke ce masa, don aikinsa ke nan: littafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kowa na iya karantawa, ba kuma mai iya goge abin da ya shiga, ko da mu ne muka rubuta. Ko kamfaninmu ya rufe gobe, takobinka yana nan a hannunka, ka ga dama ka sayar, ka ga dama ka bar wa ɗanka. Duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: kowane kaya za a buga shi da tambarin wanda ya zana shi, kuma akwai kaya na farko, lamba ɗaya, wanda duk mai buɗe kundinmu shi zai fara gani har duniya ta tashi.

Na sa a raina nawa ne. To na wa zai zama? Mako shida na yi a kan takobi guda. Na yi masa kota mai zanen igiyar ruwa, na sa ɗigon ruwa ya riƙa gangarowa a kan kaifinsa yana rabewa biyu. Ko yanzu in na buɗe shi sai na jinjina wa kaina.

Sai Manaja, da shegen son a ce shi mai adalci ne, ya ce ba shi zai zaɓa ba. Kowane mai zane ya kawo abu ɗaya, a saka a wasan gwaji, 'yan wasa ɗari uku da ke mana gwaji su yi amfani da su mako biyu su kaɗa ƙuri'a. Na ce to, ai wannan ma ya fi, kowa ya gani da idonsa.

Auta ta kawo laima.

Na yi dariya ran da ta nuna min. Na ce, "Auta, wasan faɗa muke yi fa, ba rakiyar yara makaranta ba."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ka dai gwada."

Laimar ba ta buɗewa sai mutum biyu sun tsaya kusa da juna. Wanda ya riƙe ta ba ya iya faɗa, hannunsa biyu suna kanta. Na kusa da shi ne ke faɗa, ruwa ba ya taɓa shi, ƙarfinsa ba ya raguwa. In mai faɗan ya yi gaba ya bar mai riƙon, sai ta rufe, su jiƙe su biyun. Shi ke nan fa. Baƙa ce, ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe, da faci mai ruwan toka a gefe guda.

Facin nan ne ya fara ɓata min rai. Na san shi. Laimar Baba ce, wadda ke rataye a bayan ƙofar falonmu tun ina firamare. Kullum na shiga gidan sai kafaɗata ta goge ta. Shekara talatin ina wuce ta, ko sau ɗaya bai taɓa zuwa min in zana ta ba, yarinyar da na goya ta zo ta ɗauke ta a gaban idona.

Kwana uku da fara gwaji ba a maganar komai sai laima. Mutanen da ba su san juna ba suka riƙa tsayawa a ƙofar gari suna neman abokin riƙo. Wani ya rubuto cewa matarsa da ta tsani wasan yanzu ita ke riƙe masa. Wasu biyu suka yi rigima a kan wa ya gudu ya bar wani a ruwa, har sai da aka raba su. Takobina kuwa an ce ya yi kyau. Haka kawai, ya yi kyau, yadda ake ce wa labulen gidan mutane. Da aka ƙirga ƙuri'a ta samu ɗari biyu da goma sha ɗaya, ni arba'in da shida.

Ofis ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, har na fi kowa ƙarfi, na yi yaƙe har kumatuna suka gaji. Manaja ya dafa ni ya ce, "Maƙeri, gidanku akwai albarka." Na ce wallahi kuwa. A raina na ce albarkar ta san ƙofar ɗakin da ta shiga. Hassada nake, kuma na san hassada nake, ba sai wani ya gaya min ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne Auta ko a jikinta. Ba ta yi rawar kai ba, ba ta yi min kallon na kayar da kai ba. Da ta yi, da na samu abin kamawa. Zuwa ta yi ta tsaya a bayan kujerata ta ce takobina ya fi nata wuyar zane nesa ba kusa ba, kuma da gaske take.

Yanzu bari in bayyana yadda muke buga kaya, don a nan abin ya faru. Tunda kundi ba ya goguwa, injiniyanmu, wani dogo mara son magana da muke kira Mai Kundi, ya kafa doka: ba abin da zai shiga sai da sa hannu biyu. Wanda ya zana ya sa hannu da makullinsa na sirri da ake jonawa a kwamfuta, sannan wani mai zane na biyu ya duba takardar bayanin kayan layi layi ya sa nasa. Layukan bakwai ne: suna, hoto, lamba, adadi, ƙarfi, ƙa'idar amfani, sai tambarin mai zane. Tambarin ba suna ba ne, jerin lambobi ne da haruffa arba'in da wani abu, ba mai karanta shi duka. Huɗun ƙarshe muke dubawa. Nawa yana ƙarewa da 41b9, na san shi kamar lambar wayata.

Ranar Alhamis da safe Auta ta sa hannu ta turo min, don ni ne mai duba mata tun zuwanta. Ta leƙo ta saman allonta ta ce, "Yaya, ga ta nan," ta tashi ta tafi ɗakin taro, inda Manaja ke shirya sanarwa da ita.

Na buɗe. Suna daidai, hoto daidai, lamba ɗaya, adadi dubu. Na sauko layi na bakwai na ga 41b9.

Nan take na gane yadda aka yi. Duk zanen da Auta ke yi, tsohon fayil ɗina take kwafa ta cika, wanda ta tarar a kwamfutar da na ba ta. Tambarina yana zaune a cikinsa tun shekarun baya. A wasan gwaji ba a nuna tambari, duk na kamfani ake sawa, don haka ba wanda ya taɓa lura, ita ma ba ta taɓa canzawa ba. Gyaran bai fi na minti ɗaya ba. In ɗaga murya in ce Auta zo ki ga, ta zo ta dafe kai, mu yi dariya, ta gyara.

Ban ɗaga murya ba. Na tashi na haɗa shayi na dawo, yana nan. Na je banɗaki na wanke fuska. Na buɗe takobina na kalla, na rufe. Ta gilashin ɗakin taro ina hango ta tana nuna wa Manaja wani abu da hannu, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Shekara huɗu ban taɓa ganin ya gyaɗa min kai haka ba. Na fara lissafi da kaina: wa ya koya mata? Kwamfutar wa? Laimar uban wa? Ai ni ma ubana ne, kuma na riga ta saninsa da shekara tara. Ba ni na rubuta tambarin nan ba, ita ta turo shi da hannunta. Ni dai ido ne, ido kuma yana tsallake layi.

Shayin ya huce ban sha ba. Na jona makullina na sa hannu.

Ƙarfe goma sha biyu Mai Kundi ya danna, laima dubu suka shiga kundi. Kafin ƙarfe biyu duk an kwashe su. A cikin wasan, in ka taɓa laimar sai ɗan rubutu ya fito a ƙasa: wanda ya zana, Maƙeri. Saƙonni suka fara shigo min. Wani ya ce dama ya san hannun tsohon gwani ne. Wata ta ce ba ta taɓa zaton mai zana gatura yana da taushin zuciya haka ba. Na karanta wannan sau uku, kuma kada in yi ƙarya, ya yi min daɗi. Daɗin bai kai awa ɗaya ba, amma na ji shi.

Mai Kundi ne ya taso daga lungunsa ya tsaya tsakanin teburina da na Auta. Ya ce, "Akwai matsala a layi na bakwai."

Auta ta duba. Ta buɗe fayil ɗinta, ta gangara ƙasa, ta daɗe tana kallo. Da Manaja ya tara mu, ita ta fara magana tun kafin a tambaye ta.

Ta ce, "Laifina ne. Fayil ɗin Yaya nake kwafa, ban canza tambarin ba."

Manaja ya juyo gare ni. "Kai fa, Maƙeri? Ai don irin wannan aka ce mutum biyu."

Na ce, "Idona ne ya tsallake. Hankalina yana kan adadi da ƙarfi, su ne nake tsoron a samu kuskure."

Ya yi tsaki ya shafa kai, ya tambayi Mai Kundi ko akwai dabara. Mai Kundi ya ce babu. Laimomin sun riga sun zama na mutane, ba mu da ikon karɓe su, abin da aka buga kuma ya bugu. Abu ɗaya ake iya yi: mai tambarin ya rubuta ɗan bayani ya sa hannu da makullinsa, a liƙa a ƙarƙashin lamba ɗaya, duk mai dubawa ya ga tambarin ya ga bayanin. Manaja ya ce in rubuta ranar Litinin, kamfani kuma zai fitar da sanarwa. Ya ba Auta haƙuri. Ta ce ba komai. Ta koma teburinta ta yi aiki har lokacin tashi, ta ce min sai da safe kamar kullum.

Na ɗauka an wuce wurin.

Ranar Asabar da rana muka haɗu a gidan Mama, kamar yadda muka saba. Bayan an ci abinci Mama ta kishingiɗa a falo, Auta ta kwashe kwanuka ta shiga kicin, ta kira ni in zo in taya ta ɗauraya. Rabon da ta ce in taya ta wanke-wanke tun tana sakandare. Na naɗe hannun riga na tsaya a gefenta, tana wankewa tana miƙo min.

Ta ce, "Yaya, ka san kundi yana rubuta lokacin kowane sa hannu?"

Na ce na sani mana.

"Na sa nawa tara da minti biyu. Ka sa naka tara da arba'in da biyar."

"To sai me? Na haɗa shayi, na shiga banɗaki."

"Na duba na baya." Ta miƙo min faranti ba ta dube ni ba. "Kaya ɗari da sittin ka duba min a kundin wasan gwaji tun zuwana. Ba ɗaya da ka wuce minti uku. Sau biyu ka kama min kuskure a harafi ɗaya, ka zo ka yi min faɗa a gaban mutane. Idonka ba ya tsallake layi, Yaya. Ni na san idonka."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka kama. Na ce, "Wato bincikena kika zauna kina yi? Ni da na kawo ki wurin?"

Ta ce, "Kai ka kawo ni. Ban taɓa musu ba."

"To me kike so? An ce zan rubuta bayani, zan rubuta. Kowa zai san taki ce."

Ta rufe famfo. Kicin ɗin ya yi shiru, sai muryar talabijin daga falo. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta rawa.

Ta ce, "Ba zan gaya wa Manaja ba, ba zan gaya wa Mama ba. Tambarin ma na haƙura, ba ya dawowa. Amma ranar Litinin ka rubuta abin da ya faru. Ba don mutane ba. Ina so in buɗe in ga yayana ya faɗi gaskiya a wurin da ba zai iya janyewa ba. In ka yi, wallahi ya wuce a wurina."

Daga falo Mama ta ɗaga murya ta ce me muke ƙusƙus a kai, ko mun fasa mata kofi ne. Auta ta ce a'a Mama, hirar aiki ce. Ta buɗe famfo ta ci gaba.

Ranar Lahadi na yini da abin. Na so in yi, Allah ya sani na so. Ƙanwata ce, ni na riƙa kai ta makaranta a bayan keke, ba ta taɓa roƙona abu mai nauyi ba sai wannan. Na ɗauki takarda na rubuta: Na ga tambarina a kan laimar kafin in sa hannu, na yi shiru saboda hassada. Na karanta a fili ni kaɗai a ɗaki. Gaskiya ce tsantsa, kuma gajeriya ce.

Litinin da safe Mai Kundi ya buɗe min wurin rubutu ya koma lungunsa. Na kwafe jimlar daga takardar, harafi harafi. Sai na tsaya ina kallon ta a allo, a ƙarƙashin lamba ɗaya. Na tuna ba Auta kaɗai za ta karanta ba. Manaja zai karanta, da 'yan wasa dubu masu laima, da waɗanda za su saya a hannunsu, da duk kamfanin da zan nemi aiki nan gaba, da 'ya'yan da ban haifa ba. Ita za ta zama mai laima kuma mai haƙuri, ni in zama yayan da ya yi wa ƙanwarsa hassada, a rubuce, da sa hannuna. Wato ko a nan ma ita ce za ta fito da kyau.

Na goge. Na rubuta: An sa tambarina a kan wannan laima bisa kuskure. Ƙanwata ce ta zana ta. Na jona makulli na sa hannu, ko minti ɗaya ban ɗauka ba.

Manaja ya karanta daga ofishinsa ya ɗago min babban yatsa ta gilashi. Mai Kundi ya ce ya shiga. Teburin Auta yana fuskantar nawa, taku biyu ne tsakaninmu. Na ga ta buɗe, na ga idonta ya bi layin farko ya tsaya, bai ko kai na biyu ba.

A hankali ta ce, "Bisa kuskure."

Na mayar da idona kan allona.

Ta ce, "Yaya, ka san wannan ma ba ya goguwa."

Ba ta jira in ce komai ba. Ta tashi ta je wurin Mai Kundi, na ji tana tambayarsa cikin ladabi ko za a iya ba ta wani mai duba mata aiki daga yau. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce za a iya. Ta dawo ta zauna, ta toshe kunnuwanta da abin jin sauti, ta ɗauki alƙalami.

Can da rana na tashi zan ɗebo ruwa, hanya ta bi da ni ta bayan kujerarta. Na ce ba zan duba ba, na duba. Tsani take zanawa, na katako, mataki ɗaya ya karye an ɗaure shi da waya, wani yana hawa wani yana riƙe masa daga ƙasa. Na tsaya da kofi a hannu fiye da yadda ya kamata. Ya yi kyau ƙwarai, kuma haushin kyansa ya fi kunyar da nake ji yawa.